Kifinka Na Hucewa, Wendell

Duk wanda ya taɓa zama a benenmu na unguwar Bronx ya san Wendell Mabry, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai tarin makullai a ƙugu, wanda ya shekara talatin da huɗu yana kula da benen. Tukunyar ɗumama ɗakuna tasa ce, shara tasa ce, famfon da ya fashe nasa ne, kuma shi ake zagi duk ranar da lif, na'urar hawa bene, ya tsaya. Lif ɗin kuwa tsayawa ce sana'arsa. Ba Wendell ke gyaransa ba, ba shi ma da izinin taɓa shi, amma wa ya damu? Mace ta hau hawa goma sha ɗaya a ƙafa da kayan cefane da jariri, ai duk wanda ta fara gani da makullai shi zai sha ruwan baki. Amsarsa ɗaya ce kullum, cikin ladabi: "Sun ce gobe za su zo."

A shekarar 1993 wasu samari uku na hawa na tara suka ɗauki wannan baƙin ciki namu suka mayar da shi waƙa. Babbansu Dupree, ɗan wata mai koyar da ɗinki, yaro mai baki kamar reza. Sunan ƙungiyarsu 'Yan Hawa Tara, sunan waƙar kuma "Lif Ya Mutu". Cikin wata biyu babu motar da za ta wuce ba ka ji gangar waƙar tana girgiza gilashi ba. Akwai baiti guda a ciki da ke cewa mai makullai ya ce gobe. Daga ranar sunan Wendell ya koma Mista Gobe, har a coci. Yana nuna kamar abin na ba shi haushi, amma ƙarya yake. Mutumin da ya kai shekara talatin da takwas babu wanda ya taɓa ambatonsa sai in masai ya toshe, yau ga shi a rediyo, ai dole kai ya ɗan kumbura.

Matarsa Earline ba ta ɗauki abin da zafi ba. Gajeriya ce, mai aikin jinya a gidan tsofaffi, muryarta kuma ta fi jikinta sau uku. Takan ce masa, "To Mista Gobe, famfon kicin ɗina fa? Shi ma gobe?" Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka zama su biyu kamar abokan wasa, kullum cikin tsokanar juna. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: hoto. Ka ɗaga kyamara, ta sa tafin hannu ta rufe fuska. Ko a hoton aurensu ƙasa take kallo, abin da ya fito sosai hularta ce.

Ranar wata Asabar cikin watan Yuni aka zo ɗaukar bidiyon waƙar a ƙofar bene. Dupree ya riga ya yi wa Wendell alkawari cewa za a nuna shi a bakin lif, riƙe da sifana, yana girgiza kai. Wendell ya goge takalmi, ya sa sabuwar hula, tun ƙarfe goma na safe ya sauko. Aka tara mu kusan mutum ɗari a bayan samarin, benen yana bayanmu. Mai ba da umarni, wani siriri mai gajeren wando, ya yi ta ihu ta lasifika: "Kowa ya kalli kyamara! Kada wanda ya juya, kada wanda ya ɗaga kai! Wanda ya ɓata min fim zan fitar da shi!"

Wendell yana can baya, dab da ƙofa, daidai ƙarƙashin tagarsu ta hawa na uku. Ana tsakiyar baiti na biyu, wurin da ganga ke ɗaukewa na ɗan numfashi, sai ya ji an ɗaga taga a samansa. Ya san ƙarar tagar, shi ya ce zai sa mata mai tun bara. Sai muryar Earline ta sauko masa a ka:

"Wendell! Kifinka na hucewa!"

Ya ji. Babu wani zancen bai ji ba, ya ji sarai. Mutanen gaba lasifika ta toshe musu kunne, amma shi kam kalma ɗaya ba ta wuce shi ba. Sai ya yi lissafi irin na maza: in ya ɗaga kai, ta san ya ji, in ta san ya ji, dole ya hau, in ya hau, za a kira mai sifana ba ya nan. Sai ya kafe wuya, ya zuba wa kyamara ido kamar yadda aka ce. Ta ƙara kira sau ɗaya. Sannan ya ji an sauke tagar.

Sai bayan awa biyu ya hau. An ɗauki nasa wurin, sau huɗu yana girgiza kai a bakin lif. Ya tarar da kifin da faten masara a kan tebur, an kife da wani faranti, ita kuma tana gugar kayan aikinta, ta ba shi baya.

"Tauraro ya dawo," ta ce, ba ta juyo ba.

Iyakar maganar ke nan. Ya ci kifinsa da sanyi, aka shiga wata hirar. Ba ta sake tayar da zancen ba, shi ma bai tayar ba.

Da bidiyon ya fito, sai abin dariya. Babu Wendell ko ƙyallinsa. An yanke wurin sifana gaba ɗaya, a cikin taron kuma kafaɗar wani ƙato ta rufe shi. Amma can saman hoton, daidai inda ganga ke ɗaukewa, ga wata mata ta leƙo ta taga har ƙugu, da ludayi a hannu tana kaɗawa, bakinta na motsi. Daƙiƙa huɗu. Duniya ta san bidiyon nan saboda jajayen rigunan samarin da rawar da suke yi a kan matakala, wadda har yau yara ke kwaikwayo a ƙasashen da ba su taɓa ganin lif ya mutu ba. Mu 'yan unguwa kuwa matar taga muka sani. Kowa ya yanke hukunci cewa masifa take yi a rage sauti. Sai ya zama al'ada: ko a biki, ko a gashin nama a fili, ko a shagon aski, da an zo wurin nan sai kowa ya nuna sama da yatsa a haɗa baki, "Ku rage mana!" sannan ganga ta dawo. Earline ta ji labari ta yi tsaki. An yi an yi ta kalla ta ƙi. "Na ga kaina a madubi da safe, ya ishe ni," in ji ta. Wendell kuma bai gaya wa kowa abin da ta faɗa ba, don faɗar gaskiyar tona kansa ne.

Shekara biyu bayan nan, cikin sanyin Fabrairu, asmar da ta daɗe tana fama da ita ta tashi mata a wurin aiki. Kafin Wendell ya isa asibiti an ja mata mayafi. Tana da shekara talatin da bakwai.

Abin tausayi ne ka ga namiji irin wannan bayan mutuwa. Bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya ci gaba da kwashe shara, ya ci gaba da cewa gobe. Amma yana da kaset ɗin da ya naɗi bidiyon daga talabijin, kuma wannan kaset ya zama abincinsa. In ya dawo daga aiki, ya sa, ya tsayar a wurin taga, ya mayar baya, ya sake tsayarwa. Ba kewa kaɗai ke cin sa ba. Tambaya ce ta tsaya masa a rai, wadda tana raye bai ga dalilin yi ba: ranar nan da ta kira shi, fushi take ko dariya? Earline tana iya kaɗa ludayi cikin wasa, tana iya kaɗa shi da gaske. "Tauraro ya dawo" ma haka, ya juya maganar ta kowace fuska, wata rana ya ji tsokana a ciki, wata rana ya ji mace ce da mijinta ya yi banza da ita a gaban mutum ɗari. Fuskarta a kaset kuwa ba ta fi ƙwayar wake ba. Ka matsa kusa, ta watse ta zama ɗige-ɗige.

Tsayarwa da mayarwa suka cinye kaset ɗin a daidai wurin. Sauran waƙar tana fita tas, amma da an zo taga sai farin layi ya yi ta birgima. Renita, 'yar ƙanwarsa, wadda ke tuƙa motar bas ta birni kuma ita ke leƙo shi duk Lahadi, ta samo masa bidiyon a intanet. Wancan ya fi kaset muni, wani ne shi ma ya kwafo daga tsohon kaset ɗinsa. Ita kaɗai ya taɓa gaya wa maganar kifi, wata rana da ta same shi ya durƙusa gaban talabijin, hancinsa kusan yana taɓa gilashi.

"Kawu, don Allah ka tashi. Anti ta yafe maka tun kafin kifin ya huce."

"Ke kina wurin?"

"Ina da shekara shida, Kawu."

"To ki yi min shiru."

Haka aka yi ta tafiya. Cikin samarin uku, ɗaya ya rasu a haɗarin mota, ɗaya ya koma kudu ya zama fasto, ya ce kada a ƙara kiransa da tsohon sunansa. Dupree ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, yana koyar da yara dambe a wata cibiya, ana gayyatarsa jefi-jefi ya hau dandamali ya yi waƙar nan guda. Wendell ya yi ritaya, ciwon suga ya kama shi, ya gangaro masa zuwa idanu. Likita bai ɓoye masa ba: na hagu ya tafi, na dama ma ba zai wuce shekara ɗaya ko biyu ba.

Ana cikin haka Dupree ya same shi a benci inda tsofaffi ke buga domino, ya dafa kafaɗarsa.

"Mista Gobe! Goben ta zo. Waƙa ta cika shekara talatin, kamfanin da ya fitar da ita ya tono ainihin fim ɗin daga ma'ajiya. Sun wanke shi, sun ce har zufar goshina za a ƙirga."

Wendell ya ajiye domino ɗin da ke hannunsa. "Ainihin fim? Ba kaset ba?"

"Fim, Baba. Wanda aka ɗauka ranar."

"Har na baya za su fito? Har sama?"

"Har tantabarar da ke kan rufi. Na ce musu kafin duniya ta gani, unguwa za ta fara gani. Asabar ta sama, ƙarfe uku, zauren coci. Kujerar gaba taka ce."

Mako biyun nan Wendell bai zauna ba. Ya je aka canza masa gilashin tabarau. Ya kai kwat ɗinsa wanki, kwat ɗin da ya sa ranar jana'izarta. Ya daina shan shayi da suga, wai kada idon ya ƙara lalacewa kafin ranar, mutumin da shekara goma ana roƙonsa ya daina. Renita ta ce masa, "Kawu, aure za ka sake ne?" Ya ce, "Mace zan je gani, ba ruwanki."

Ranar Asabar zauren ya cika maƙil. An ja labulaye, an kafa wani allo mai faɗi daga bango kusan zuwa bango. Tsofaffin unguwa sun zo da sanduna da jikoki, wasu daga garuruwa masu nisa, ana ta rungume-rungume ana ƙirga waɗanda babu. Wendell yana gaba, Renita a gefensa, ya ɗora hularsa a gwiwa ya riƙe da hannu biyu.

Aka sa. Wallahi aikin ya yi kyau, ba za a hana su wannan ba. Jajayen rigunan kamar yau aka saya. Mutane suka fara ihu suna ganin kansu: ga wance da siririn wuya, ga wane da gashi cike da kai. Wata tsohuwa ta ga ɗanta da ya rasu, ta miƙe tsaye tana kiran sunansa. Wendell bai ga ko ɗaya ba. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya kafa na dama a saman allo yana jira. Baiti na farko ya wuce. Na biyu ya kama. Ganga ta ɗauke.

Zauren gaba ɗaya ya nuna sama: "Ku rage mana!"

Babu kowa a sama. Hoton ya ƙare a dakalin taga. Daga bakin allon hannu ne kawai ya sauko, daga gwiwar hannu zuwa yatsu, riƙe da ludayi, ya kaɗa sau uku ya koma. Yatsun mutane kuwa sun wuce allon, suna nuna silin na coci da bututun ruwan da ya ratsa shi. Jikoki suka yi ta dariya, su dama ba su san akwai mace a wurin ba, sun ɗauka haka ake yi kawai. Tsofaffi ne suka sauke hannu a hankali suna kallon juna. Ganga ta dawo.

Renita ta ji hular ta faɗi ƙasa. Ta juya ta ga Kawu yana nan yadda yake, tafin hannu a kan ido, bakinsa a buɗe kaɗan.

Da aka kunna fitila Dupree bai tsaya karɓar tafi ba. Ya zo ya durƙusa gaban kujerar, ƙaton mutum mai shekara hamsin da biyu, yana haki.

"Baba, na rantse ban gani ba sai yanzu. Ni ma yau na fara gani."

"Ina suka kai ta?"

"Talabijin na da ai kusan murabba'i ne, na yanzu kuma faɗi ne da su. In aka sa tsohon hoto yadda yake, sai a bar baƙi hagu da dama, su kuma ba sa son baƙin nan, wai mutane za su ce tsohon kaya ne. Sai su ja hoton ya cika allo, su yanke sama da ƙasa. Haka suke yi wa kowa. Suna duba kawunanmu ne, in kanmu ya shiga, shi ke nan."

"Kawunanku sun shiga," in ji Wendell.

Dupree ya sunkuyar da kai. "Ranar Litinin zan kira su. Fim ɗin yana nan, tana ciki. Zan sa su fitar maka."

Wendell ya kama hannun rigar Dupree, ya ce, "Ba cewa ta yi a rage ba. Ni take kira. Cewa ta yi kifina na hucewa, ni kuma na yi kamar ban ji ba. Kai kana wurin, Dupree. Fushi take, ko dariya?"

"Dariya, Baba! Dariya take, har haƙoranta..."

"Ƙarya kake, ɗana." Bai ɗaga murya ba. "Baya ka ba ta. Duk baya muka ba ta, haka aka ce mu yi. Na gode dai."

Dupree ya kira ranar Litinin, ba za a ce bai kira ba. Ya kira Litinin da yawa. Aka ce a rubuto, ya rubuta. Aka ce wanda ke riƙe da sashen ya bar aiki. Aka ce fim ya koma ma'ajiya a wata jiha, fito da shi sai an sami dalili, kuma tsoho ɗaya a hawa na uku ba dalili ba ne a wurinsu. Amsar ƙarshe da ya samu ita ce ana dubawa. Da ya kawo wa Wendell wannan, tsohon ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce, "Sun ce gobe ke nan." Ni kam abin yana ƙona min rai har yau. Mutum ya shekara talatin yana jiran daƙiƙa huɗu, a hana shi saboda kada a ga baƙi a gefen allo!

Renita ce ta yi abin da za ta iya. Ta tsayar da sabon bidiyon a wurin, ta kai shagon hoto aka buga hannun da girma, faɗin ƙofar firiji, ta manna masa a bangon kicin kusa da taga inda haske ya fi yawa. Hannun ya fito fiye da yadda Wendell ya taɓa ganinsa a kowane hoto. Ga zoben aure. Ga tabon ƙuna a wuyan hannu, wanda man suya ya yi mata shekarar da suka tare. Ga ɗan yatsanta ƙarami a miƙe, yadda take riƙe komai. Har maiƙon da ke bakin ludayin ana gani.

Yanzu idon dama ma saura ƙiris. Rawar matakala tana nan tana yawo a wayoyin yara, a unguwa kuma har yau in ganga ta ɗauke ana nuna sama a ce a rage. Wendell ba ya sauka sosai, ko da lif na aiki. Duk wanda ya shigo gaishe shi, mai kawo magani ne ko sabon mai makullai, sai ya ja shi kicin ya tsayar da shi gaban bango: "Dubi hannun nan da kyau. Hannun mai fushi ne?" Wasu su ce a'a don su faranta masa, wasu su ce ba a ganewa. Ba ya yarda da kowa.

Lahadin da ta wuce Renita ta kawo masa soyayyen kifi. Ta same shi tsaye, goshinsa kusan a jikin takardar, yana bin yatsun da nasa yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, zo ka ci tun da zafi."

Ya juyo nan take, har ya yi tuntuɓe da kujera. Ya zauna, ya laluba cokali, amma bai ci ba.

"Renita, ke mace ce. In kina wasa da mutum, haka kike riƙe ludayi?"

Ta daɗe tana kallon bangon. Ta gaji da yi masa ƙarya, shi ma ya gaji da ji.

"Ban sani ba, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Ya jawo farantin gabansa, ya riƙe gefensa da hannu biyu, ɗumin yana shiga tafinsa.

"Hawa uku ne fa kacal," ya ce. "Ba sai na hau ba ma. Da na ɗaga kai kawai."